Ceto Tsofaffin Hotunan Kimiyya Daga Zafin Sakkwato: Sikanar Fim da Manhajar Linux

Gabatarwa

Kafin zuwan kyamarar zamani da wayar salula, malamin kimiyyar halittu da zai fita daji ko bakin gulbi domin bincike yakan rataya kyamara mai fim a wuyansa. Idan ya dawo sai a wanke fim ɗin, a yanka shi hoto-hoto, a saka kowanne cikin ɗan firam na kwali ko na roba. Wannan shi ake kira silaid, kuma da majigi ake haska shi a jikin bango ɗalibai su gani. Tun daga 1975 da aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, har zuwa farkon shekarun 2000, wannan hanya ce malaman kimiyya a nan da sauran wurare suka dogara da ita wajen nuna wa ɗalibi abin da ba za a iya kawowa cikin aji ba.

Yau majigin silaid ya zama tarihi, amma hotunan suna nan cikin akwatuna da durowoyi, a ofisoshi da gidajen tsofaffin malamai, kuma kullum ƙara lalacewa suke yi. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke cin su, da yadda na'urar da ake kira sikanar fim ke mayar da su hotunan kwamfuta, da kuma yadda za a sa wannan na'ura ta yi aiki da manhajar Linux, wadda ake samu kyauta, ko da kuwa kamfanin da ya ƙera na'urar ya daina kula da ita.

Me ya sa za mu damu?

Ga masanin halittu, tsohon hoto shaida ce. A cikin shekaru hamsin da suka wuce ƙasar Sakkwato ta sauya ƙwarai. An yi babban fari a 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1983 zuwa 1985. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, kuma dukkansu sun sauya yadda ruwa ke malala cikin fadamu. Garuruwa sun faɗaɗa, gonaki sun ci dazuzzuka. Duk hoton da aka ɗauka na wata fadama ko wani daji kafin waɗannan sauye-sauye, yana ɗauke da amsar tambayoyin da ba za a iya komawa baya a auna ba. Gawo nawa ne ke tsaye a wannan fili? Akwai giginya da ɗorawa? Ina bakin ruwa ya tsaya a watan Satumba? Yaya girman giwan ruwan da masunta ke kamawa?

Masana muhalli suna da wata dabara mai sauƙi: su nemi daidai wurin da aka tsaya aka ɗauki tsohon hoto, su sake ɗaukar sabo, sa'annan su gwama. Dattijo zai iya cewa da can akwai itatuwa a wuri kaza, amma hoto ne zai ba da damar a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, idan tsohon hoton ya lalace, an rasa rabin gwajin ke nan har abada.

Da me aka yi fim?

Fim hawa biyu ne. Akwai gindi, wato siririyar roba mai garai-garai, akwai kuma shafen da ke samanta, inda hoton yake. Shafen nan jelatin ne, abin da ake tatsowa daga ƙasusuwa da fatun shanu. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare, ya ga jelatin da idonsa. A fim mai baƙi da fari, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne cikin jelatin ɗin ke yin hoto. A fim mai launi kuwa, akwai rini iri uku, kowanne a nasa hawa: rawaya, da ja mai shunayya, da shuɗi-kore. Haɗuwarsu ce ke ba da duk launukan da ido ke gani.

Shi ma gindin yana da tarihi. Na farko-farko an yi shi da sinadarin naitiret mai saurin kama wuta, aka daina shi a wajen 1951. Wanda ya gaje shi, kuma wanda akasarin silaid ɗinmu ke kansa, shi ne asitet, wanda ake haɗawa daga zaren tsirrai da sinadarin da ke sa ruwan binega tsami. Ke nan fim ɗan dabba ne ta sama, ɗan tsiro ta ƙasa. Abin da ya fito daga mai rai kuwa, ruɓewa ce makomarsa.

Maƙiyan fim a Sakkwato

Na farko shi ne zafi. Ɗaliban kimiyya sun san ƙa'idar nan cewa akasarin hulɗar sinadarai takan ninka saurinta idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, balle cikin ɗakin ajiya mai rufin kwano da aka kulle. Bisa wannan ƙa'ida, rinin silaid da ke ajiye a digiri 40 zai kwashe aƙalla sau huɗu fiye da saurin wanda ke digiri 20. Kuma rinin uku ba sa kwashewa tare. Idan shuɗi-kore ya riga sauran tafiya, sai hoton ya koma jaja-jaja, ganyen da ke kore shar ya zama kamar busasshe.

Na biyu laima ce. Bushewar iskarmu a mafi yawan watanni tana taimakon fim, amma a tsakiyar damina, musamman Agusta, iska kan cika da danshi. Da zarar danshin ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na kwanaki, sai funfuna ta samu wurin zama. Ire-irenta da masana ke kira Aspergillus da Penicillium suna fitar da sinadaran narkar da abinci a kan jelatin, su ci shi kamar yadda suke cin burodi. Zaren da ake gani kamar saƙar gizo a kan tsohon silaid hanyoyin da suka bi ne. Haka kuma danshi da zafi kan haɗu su warware gindin asitet, ya riƙa fitar da warin binega, ya takure, ya lanƙwashe. Tun cikin shekarun 1950 aka fara lura da wannan cuta a finafinan da aka ajiye a ƙasar Indiya. Tsamin da ke fita yana ƙara hanzarta ruɓewar, kuma yana shafar na kusa da shi. Don haka duk fim ɗin da ya fara wannan wari a ware shi.

Na uku hunturu ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana da ƙananan ƙwayoyin yashi masu karce jelatin. Bugu da ƙari, a busasshiyar iska roba kan tara lantarkin gogayya, irin wanda ke sa riga ta yi ƙyas-ƙyas da dare, sai ta riƙa jawo ƙura da kanta. Jelatin yana kumbura da damina, ya takure da hunturu, shekara bayan shekara, har ya tsattsage.

Yadda sikana ke gani

Sikanar takarda haske take watsawa a kan takardar ta karanta wanda ya dawo. Sikanar fim kuwa ta fi kama da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji: fitila a gefe guda, idon na'ura a ɗaya gefen, fim a tsakiya, haske ya ratsa shi. Idon jerin dubban ƙananan ma'aunan haske ne a layi ɗaya. Ƙaramin inji yana matsar da fim ko idon kaɗan-kaɗan, ana karanta layi bayan layi. A kowane ɗigo ana auna ja da kore da shuɗi, daidai da ire-iren ƙwayoyin gani uku da ke cikin idon ɗan Adam, a mayar da awon lambobi.

Wasu sikanoni suna da hanya ta huɗu, ta hasken infared wanda idonmu ba ya gani. Rinin fim ba ya tare wannan haske, amma ƙura tana tare shi, don haka na'ura kan gane inda ƙura take ta cike gurbin. Dabarar ba ta aiki a fim mai baƙi da fari, domin azurfa ma tana tare infared, kuma takan rikice a kan Kodachrome, fim ɗin da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1935 ya daina yi a 2009.

Matsalar tafinta

Kwamfuta ba ta jin harshen sikana kai tsaye. Tana bukatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta tafinta ne: ta karɓi umurni ta fassara wa na'ura, ta karɓo lambobi ta miƙa wa kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera na'ura shi ke rubuta direbanta, domin wata babbar manhaja takamaimai. Idan babbar manhajar ta sauya, kamfanin kuma bai sabunta direban ba, sai na'ura mai lafiya ta zama kurma. Wannan shi ya sami sikanonin fim da yawa. Alal misali, Nikon ya daɗe da daina ƙera jerin sikanoninsa na Coolscan, kuma ba a sabunta manhajarsu domin Windows na yanzu ba. Su ma kwamfutocin haka abin yake: Microsoft ya janye tallafi daga Windows XP a 2014, ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a Oktoban 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ke da rana. Ma'anarta ita ce manhajar da aka bayyana rubutunta na asali, kowa na da izinin karantawa da gyarawa da rabawa. Richard Stallman ya fara shirin GNU a Amurka a 1983. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da aka sa wa suna Linux. Daga haɗuwar ayyukan biyu aka samu ire-ire irin su Debian a 1993, da Ubuntu a 2004, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa. Wannan tsari bai saɓa wa ɗabi'ar kimiyya ba, inda ake bayyana hanyar gwaji domin wani ya maimaita ya gyara. Bai saɓa wa al'adar malaman Sakkwato ba, waɗanda littattafansu suka wanzu saboda an bar almajirai su kwafa su yaɗa.

Ɓangaren da ke kula da sikanoni a Linux sunansa SANE, wanda David Mosberger-Tang da Andreas Beck suka fara a 1996. Tsarinsa kashi biyu ne. Akwai direbobi, kowanne da dangin na'urorin da yake jin harshensu, akwai kuma manhajojin da mutum ke gani yana latsawa, kamar XSane. Masu sa kai ne ke rubuta akasarin direbobin, wani lokaci ta hanyar sauraron saƙonnin da ke bi ta wayar USB har su gano ma'anarsu. Direban coolscan3 yana kula da sikanonin Nikon da dama, pixma yana kula da irin su CanoScan 8800F da 9000F, sa'annan a 2020 aka ƙara wasu daga jerin Plustek OpticFilm cikin direban genesys.

Matakan haɗawa

Mataki na farko ana yin sa ne tun kafin a sayi na'ura ko a karɓo aronta. A duba jerin na'urorin da SANE ya wallafa a intanet, a nemi sunan sikanar da lambarta daidai, domin na'urori biyu masu kusan suna ɗaya kan bambanta a ciki. Jerin yana nuna ko tallafin cikakke ne, ko matsakaici, ko babu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma duba irin wayarta. Mai USB ba ta da wahala, amma tsofaffi masu FireWire ko SCSI sai an saka wa kwamfutar tebur wani kati na musamman.

Na biyu, a kwamfuta mai Debian ko Ubuntu ko Linux Mint, a buɗe tagar umurni a rubuta:

sudo apt install sane-utils xsane

Na uku, a jona sikana, a kunna ta, a jira ta gama motsinta na farko, sa'annan a rubuta:

lsusb

Wannan zai jero duk abin da ke jone ta USB, kowanne da lambar kamfani da ta na'ura. Lambar Nikon 04b0 ce, ta Epson 04b8, ta Canon 04a9, ta Plustek 07b3. Idan sikanar ba ta fito ba, matsalar ta waya ce ko ta wuta, sai a sauya waya ko kafar jonawa.

Na huɗu, a tambayi SANE ko ya gane ta:

scanimage -L

Idan sunanta ya bayyana, an gama. Idan bai bayyana ba, a yi abin da mai bincike kan yi, wato a sauya abu ɗaya kawai a sake gwadawa. A maimaita umurnin da kalmar sudo a gabansa, wadda ke ba da ikon mai gida. In ya gan ta a wannan karo, to direba na nan, izini ne babu. Linux ba ya barin kowane mai amfani ya taɓa kowace na'ura, kuma maganin shi ne a saka sunan mai amfanin cikin rukunin masu izini:

sudo usermod -aG scanner suna

A madadin kalmar suna sai a rubuta sunan da ake shiga kwamfutar da shi, a fita, a sake shiga. In kuwa ko da sudo bai gan ta ba alhali lsusb ya nuna ta, to ko dai SANE ɗin da ke kwamfutar tsoho ne, sai a sabunta, ko na'urar na bukatar ƙarin fayil daga kamfaninta, kamar Epson V600, ko kuma ba a rubuta mata direba ba tukuna. A wannan hali na ƙarshe akwai VueScan, wadda Ed Hamrick ya fito da ita a 1998. Tana aiki a Linux kuma tana jin harshen tsofaffin sikanoni masu yawa, sai dai ta kuɗi ce kuma rubutunta a rufe yake.

Na biyar, a buɗe XSane. Idan sikanar mai faifan gilashi ce da fitila a murfi, a cire farin mayafin da ke rufe fitilar, a zaɓi hanyar haske mai ratsawa. Mantawa da wannan shi ke sa hoto ya fito baƙi ƙirin.

Ɗigo nawa ya isa?

Ga lissafi ga ɗalibai. Hoton fim na milimita 35 faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan aka karanta ɗigo 4,000 a kowane inci, za a samu kimanin ɗigo 5,670 a kwance da 3,780 a tsaye, wato ɗigo miliyan 21 da 'yan kai. Idan kowane launi ya ci bit 16, hoto ɗaya zai kai megabait 128, silaid dubu kuma gigabait 128. A ɗigo 2,400 kuwa hoton ɗigo miliyan 7.7 ne, kimanin megabait 46. Wannan ya wadatar domin koyarwa, amma hoton da za a ƙirga itatuwa ko ƙayoyin kifi a cikinsa ya cancanci babban awo.

A ajiye kwafin farko a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai, kada a taɓa shi. Daga gare shi ake cirar ƙaramin kwafi na JPEG domin aji. Gyaran launin da ya kwashe, ko juya nagatif ya koma hoto na sosai, ana yin sa da GIMP ko darktable, dukkansu buɗaɗɗu ne, amma a kan kwafi na biyu. Dalili kuwa shi ne amana: hoton kimiyya shaida ce, dole wani ya iya komawa ya ga yadda yake kafin a gyara.

Tsafta da ajiya

A riƙe fim ta gefensa. A kore ƙura da ɗan famfon iska na roba ko buroshi mai laushi, kada a hura da baki. Kada a wanke silaid mai funfuna da ruwa, domin jelatin da funfuna ta ci yakan narke, hoton ya bi ruwa. A yi aikin a ɗaki rufaffe da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma, a lulluɓe sikana in an gama. Tun da wuta kan ɗauke ba sanarwa, a jona na'urar a batirin ko-ta-kwana ko na sola, domin yankewar wuta a tsakiyar aiki na iya barin fim maƙale a ciki.

Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, kamar busasshen tsiro ne marar takardar bayani. A kwafe duk rubutun da ke jikin firam: wuri, kwanan wata, sunan halitta, da wanda ya ɗauka. Inda babu rubutu, a nemi mai hoton ko abokan aikinsa tun suna raye. Wannan ɓangare ya fi kowanne gaggawa.

A yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a wani gini dabam. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin jami'a na dindindin da cikin gari, ta isa ta nuna cewa ba a tara dukiya wuri guda. Shi ma fim ɗin na asali kada a yar da shi. A saka shi cikin mazubi mai rufuwa sosai tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi, irin waɗanda ake samu cikin kwalin takalmi, a ajiye a ɗaki mafi sanyi. Firiji yana da amfani idan wuta tsayayya ce, amma inda take zuwa tana ɗaukewa, raɓar da ke taruwa ta fi zafin illa.

Kammalawa

Makarantar da ba ta da sikana ma tana iya farawa. A sa fuskar wata waya ta yi fari fat, a riƙe silaid ɗan nesa da ita, a ɗauke shi da kyamarar wata wayar ta cikin gilashin ƙara girma. Hoton ba zai kai na sikana ba, amma zai isa a yi rajistar abin da ake da shi, a san waɗanda suka fi bukatar ceto. Ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare za ta iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango: ɗalibai su tambayi iyaye da tsofaffin malamai, su tattaro silaid da nagatif, su rubuta bayaninsu, sa'annan su zaɓi hoto ɗaya na wata fadama ko bakin gari su je su sake ɗaukarsa. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a ofis, in aka saka mata Linux, ta isa ta ja sikana. Abin da ya rage shi ne a buɗe akwatunan a fara kafin wata bazara ta zagayo.